Ranakun Hutun Turkiyya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗanne ranaku ne ake hutu a Turkiyya?

Ban da 1 ga Janairu da 1 ga Mayu, akwai ranakun ƙasa biyar: 23 ga Afrilu, 19 ga Mayu, 15 ga Yuli, 30 ga Agusta da 29 ga Oktoba. Sai hutun sallah ƙarama da babba. Huɗu daga cikin biyar ɗin labari ɗaya suke ba da wa, kalanda ce kawai ta hargitsa jerinsu.

Wane labari ke nan?

Labarin yadda aka ceto ƙasar bayan Daular Usmaniyya ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Farko. Sojojin Ingila da Faransa sun mamaye Istanbul, Girkawa kuma suka sauka a Izmir. Ana cikin haka, ranar 19 ga Mayu 1919, Mustafa Kemal, hafsan sojan da daga baya aka fi sani da Atatürk, ya sauka a garin Samsun daga jirgin ruwa mai suna Bandırma, ya fara haɗa kan masu turjiya. Ranar 23 ga Afrilu 1920 aka buɗe majalisa a Ankara, ba tare da jiran umarnin Sarkin Daular Usmaniyya da ke Istanbul ba. Ranar 30 ga Agusta 1922 aka karya lagon sojojin Girka a Dumlupınar. Ranar 29 ga Oktoba 1923 kuma aka shelanta jamhuriya. Wanda ya bi su da shekara, ba da wata ba, zai ga tarihin ya miƙe sarai.

To me ya haɗa buɗe majalisa da yara?

An sadaukar da 23 ga Afrilu ga yara, kamar yadda aka ba matasa da wasanni 19 ga Mayu. A ranar za ka ga ɗan firamare an ɗora shi kan kujerar gwamna ko minista, har ta shugaban ƙasa, yana ba da umarni ana dariya. Tun 1979 gidan talabijin na TRT ke gayyato yara daga ƙasashen duniya su zo bikin. A ganina wannan dabara ce mai zurfi: yaron da ya tashi yana ɗokin ranar, da wuya ya manta da majalisar.

Ita 15 ga Yuli fa?

Ita ce auta, kuma ba ta cikin wancan labari. A daren 15 ga Yuli 2016 wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da gwamnatin Erdoğan, jama'a suka fito kan tituna suka tare tankoki, mutane kusan 250 suka rasa rayukansu. Gwamnati ta ɗora alhakin kan malamin addinin nan Fethullah Gülen, shi kuwa ya musanta har ya rasu a Amurka a 2024.

Ana hutu ranar da Atatürk ya rasu?

A'a, ana zuwa aiki. Amma kowace 10 ga Nuwamba, da ƙarfe 9:05 na safe, jiniya na kaɗawa, motoci su tsaya cak, mutane su miƙe tsaye, domin a wannan lokacin ya cika a fadar Dolmabahçe da ke Istanbul a 1938.

Ƙasar da ta raba addini da mulki tana hutun sallah?

Ƙwarai kuwa, kuma shi ne mafi tsawo. Duk da an soke halifanci a 1924, sallah ƙarama tana da kwana uku da rabi, babbar sallah kwana huɗu da rabi. Bankuna da ofisoshin gwamnati a rufe suke, birane kan yi sauƙi saboda kowa ya tafi garinsu. Ɗan kasuwar da zai je saro kaya Istanbul gara ya duba kalanda kafin ya yanki tikiti.