Hular kwano da ƙaiƙayin kai: inda doka ta tsaya da inda ta bar wa mai babur zaɓi

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Ringim da Gumel da Haɗeja yake haura digiri 40, hular kwano takan sauka daga kan mai babur ta koma rataye a madubi, ko a ɗaure ta da roba a kariya. In ka tambayi ɗan acaɓa dalili, ba zai ce maka bai san amfaninta ba. Cewa zai yi kansa ne yake dahuwa, gumi yana gangarowa cikin ido, ga ƙaiƙayi ya hana shi sakat, kuma ba damar susa tunda hannu biyu na kan tuƙi. Kukansa gaskiya ne. Sai dai doka ba ta karɓi wannan uzuri ba, shi ya sa ya kamata mutum ya san takamaimai me ta wajabta, domin duk abin da ba ta hana ba a nan maganin ƙaiƙayin yake.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, an kafa ta a 1988 zamanin mulkin Janar Babangida, kuma dokar da take aiki da ita ita ce ta 2007. Sashe na 10 na wannan doka ya jera laifuffukan da 'yan rod sefti suke da ikon kama mutum a kansu, kuma a cikinsu akwai hawa babur ba tare da hular kwano da ta zauna daidai a ka, aka kuma maƙale igiyarta a ƙarƙashin haɓa ba. Ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na 2012 suka ƙara fayyace cewa hular ta hau kan mai tuƙi da wanda ya goya baki ɗaya, kuma goyon mutum ɗaya kawai aka yarda da shi. Tarar da ke jadawalin dokar ta 2007 naira 2,000 ce, tare da maki ɗaya da ake rubutawa a kan lasin.

Maganar igiyar nan ita ce yawancinmu muke tsallakewa. Wanda ya kifa hula a ka ya bar igiya tana lilo don iska ta shiga, a idon doka daidai yake da wanda bai sa komai ba. Haka wanda ya ɗora ta a bisa zanna ko kube, ta tsaya can sama tana rawa, ba ta zauna a ka ba balle a ce an ɗaure ta. Haka kuma wanda ya sayi hular magina, mai ruwan ƙwai ɗin nan mara nauyi, don ta fi shan iska. An yi ta ne don tare dutse ko bulo da zai faɗo daga sama, ba don kan da zai bugi kwalta a guje ba. Waɗannan dabaru uku su ne aka fi yi don gudun gumi, kuma dukansu karya doka ne.

Manya za su tuna ranar 1 ga Janairun 2009, da aka fara tilasta sa hular a faɗin ƙasa. A Kano wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da bokitin fenti da tukunya, su ɗaure da igiya, har labarin ya shiga kafafen watsa labarai na duniya. An yi dariya, an kama babura, bayan 'yan watanni abin ya lafa. Amma ƙorafin da fasinjoji suka yi a lokacin ba duka ne abin dariya ba. Ban da masu tsoron a yi musu asiri ta cikin hula, akwai masu cewa ba za su sa abin da ya sha gumin mutum ashirin tun safe ba. Har yau in ɗan acaɓa ya miƙa wa dattijo hula ya ce, "Baba, daure ka sa, akwai 'yan rod sefti a gaba," amsar da yakan samu ita ce, "Kai yaro, kan mutum nawa ta hau yau?" A ganina babban kuskuren da hukuma ta yi shi ne ta tsaya kan kame, ba ta koya wa kowa yadda ake tsaftace hular ba. Da an yi hakan, da rabin gardamar ta mutu tun a lokacin.

Wasu a karkarar Kano suna haɗa wannan doka da wata daban. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jihar ta hana goyo a babur don haya a cikin birni da kewayensa. Waccan dokar jiha ce, kan tsaro aka yi ta. Ta hular kwano kuwa ta tarayya ce, ba ta ware ƙauye da birni, ba ta ware mai haya da mai hawa na kansa. An sha kai ƙara kotu kan ko FRSC tana da hurumi a titunan da ba na tarayya ba, amma wannan bai kamata ya ruɗi kowa ba, domin duk mai zuwa kasuwar Wudil ran Juma'a, ko ta Ɗambatta ran Lahadi, ko ta Maigatari ran Alhamis, dole ya hau babbar hanya, kuma a can shingen yake.

In an tare ka, abin da ya kamata jami'i ya ba ka takardar tara ce, mai ɗauke da sunan laifin da adadin kuɗin. Ana biya ta banki zuwa asusun gwamnati, ba a hannun jami'i ba. Suna da ikon riƙe babur har sai ka kawo shaidar biya, kuma in ya daɗe a ofishinsu akwai kuɗin ajiya. Wanda bai yarda ya yi laifin ba yana da damar ya ƙi biya a kai shi gaban alƙali. "Yallaɓai, kaina ne yake ƙaiƙayi" ba ya cikin abin da zai wanke mutum a can.

Dalilin taurin dokar a lissafi yake. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hular kwano da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, haɗarin rauni a ka kuma da kusan kashi 69. Ga mutumin karkara lissafin ya fi haka nauyi. Karaya a ƙafa tana iya jira a kai ta asibitin ƙashi na Dala, ko ma wajen maɗori. Jinin da ya taru a cikin ƙoƙon kai ba ya jira, kuma daga ƙauyen Birniwa ko Doguwa zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tafiyar awanni ce.

To, me ke kawo ƙaiƙayin? Ba roban hular ba ne. A ciki akwai soso mai laushi da yadi, su ne suke taɓa fata. Kullum suna shan gumi da maiƙon kai da ƙurar hanya da man da aka shafa, su kwana da danshi, da safe a sake kifa su. Gumi in ya bushe gishiri yake bari, gishirin kuma yana cin fata. Zafi da danshi suna toshe kafofin gumi, ƙurajen zafi su feso a goshi da ƙeya. Akwai kuma wata ƙwaya dangin fumfuna da take zaune a fatar kan kowa tana cin maiƙo. In ta sami ɗumi da laima sai ta yi yawa, amosani ya taso. Ka juya hular wani ɗan acaɓa da ta shekara ba wanki ka duba: yadin da yake toka-toka ya koma baƙi yana sheƙi, gefen goshi ya yi tauri da farin gishiri, igiyar haɓa kuwa warinta kaɗai ya isa ya gaya maka inda ƙurajen gemu suka samo asali.

Doka ba ta hana a sa wani abu tsakanin kai da hula ba, muddin hular za ta zauna daidai, igiya kuma ta ɗauru. Saboda haka abu na farko shi ne 'yar hula siririya ta auduga wadda take lafewa a ka, irin farar tashi-ka-fiye-naci mara ado, ko ƙyallen da aka yanka daga tsohuwar singileti aka ba tela ya ɗinke. Auduga tana tsotse gumi. Yadin leda kuwa ƙara zafi yake. Kada ta yi kauri, kada ta kasance da ƙulli ko ɗinki mai tudu da zai danne fata. Mai yini a kan babur ya tanadi biyu ko uku, ya canza da azahar, ya wanke su da dare. Wanke ƙyalle ya fi wanke hula sauƙi nesa ba kusa ba. Kube da zanna kuwa a naɗe su a sa a jaka, in an isa gidan biki a fito da su.

Ita kanta hular tana buƙatar wanki, da bazara ko da sau ɗaya a mako. Wasu ana iya ɓalle sosonsu a cire, a wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanka, a ɗauraye sosai har kumfa ta ƙare, domin sabulun da ya maƙale shi ma ƙaiƙayi yake sawa. Wadda ba a cire nata, a jiƙa tsumma da ruwan sabulu a riƙa dannawa a ciki, sannan a bi da ruwa zalla. A shanya a inuwa inda iska take kaɗawa, bakinta a buɗe. Da hunturu kafin gari ya waye ta bushe. Da damina takan ɗauki lokaci, don haka a wanke ta ranar da ba za a fita ba. In an dawo gida da yamma kada a cusa safar hannu ko tsumman goge babur a cikinta, kada kuma a kife ta a ƙasa.

Akwai wani ƙaramin abu da ba a cika lura da shi ba. Mutum ya yi alwala, ya shafi kai, ya idar da salla a gurguje saboda fasinja na jira, ya kifa hula kai da sauran laima. A bari ya sha iska tukuna. Duk lokacin da aka tsaya a tasha ana jiran layi, a cire hular. Doka a kan mai tafiya take, ba mai zaune a ƙarƙashin darbejiya ba. A rage shafa basilin da man gashi mai kauri da safe. Wanda kuma ya yi sabon aski ƙwal da aska, fatarsa tana da ƙananan yanka da ido ba ya gani, kuma su ne suke zama ƙuraje masu ruwa in soso mai datti ya goge su. Ga mai sana'ar babur, saisaye da kilifa ya fi ƙwalƙwal.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne taɓa jikin hular. A ƙarƙashin soso akwai wani farin abu mai tauri, irin wanda ake samu a kwalin sabon firji. Shi ne ainihin mai ceton rai, domin shi yake murƙushewa ya shanye bugun maimakon ƙwaƙwalwa. Fetur yana narkar da shi, kananzir da tina ma suna lalata shi, don haka wanke ciki da su don kashe wari kashe hular ne. Haka shanya ta kusa da murhu ko ɗora ta a kan salansa. Masu huda ta da ƙusa mai zafi don iska ta shiga, da masu fafe farin abin don ta yi sakwa-sakwa, sun bar kansu da kwano kawai. Kuma wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi a haɗari ta gama aikinta, ko da waje bai tsage ba.

In an yi duk wannan ƙaiƙayi bai tafi ba, to magana ta koma ta asibiti. Amosani yakan ji sabulun wanke kai mai sinadarin ketokonazol, a shafa a bar shi kamar minti biyar kafin a ɗauraye, sau biyu a mako. Amma in gashi yana zubewa a wuri guda, ya bar fili zagayayye mai ɓawo, wannan makero ne, kuma na kai ba ya jin man shafawa kaɗai. Sai an sha magani na makonni bisa umarnin ma'aikacin lafiya. A guji mayukan nan masu haɗe-haɗe da ake cewa suna maganin komai, domin sinadarin da ke cikinsu yana kwantar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci, cutar kuma tana ƙara yaɗuwa a ƙarƙashi. Ƙuraje masu mugunya, ko kumburi da zazzaɓi, a nufi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ba tare da jinkiri ba.

Saura hular fasinja, wadda ita ce mafi wuyar sha'ani. Kwarkwata ba ta wuce kwana ɗaya zuwa biyu a raye in ta bar kan mutum, amma ƙwayar makero takan daɗe a jikin yadi, shi ya sa ƙyamar mutane tana da tushe. Mata sun fi samun sauƙi, tunda hijabi ko ɗankwali ya riga ya raba kai da soso. Abin lura kawai a kwantar da ƙullin gashi ƙasa don hular ta shiga. Namijin da yake yawan hawa acaɓa ya riƙa yawo da ƙyallensa a aljihu. Shi kuma mai babur ya wanke ta fasinja fiye da yadda yake wanke tasa.

Wajen saye, a gwada kafin a biya. Wadda ta matse tana sa ciwon kai, wadda ta yi yawa tana goge fata a kowane gargada. A ɗaure igiyar yadda yatsa biyu ne kawai za su shiga tsakaninta da haɓa, a girgiza kai, sannan a kama ta ta baya a gwada tuɓe ta gaba. In ta fita, ba taka ba ce. A nemi mai kafofin iska da kamfani ya yi mata, mai soson da ake cirewa, kuma in da hali fara, don direban babbar mota ya fi saurin hango ta da magariba.