Waiwaye: Yadda aka leƙa bayan ƙurar da ke rufe baƙin rami

Duk wanda ya yi hunturu a Garwa ya san yadda ƙurar Bodele ta ƙasar Cadi ke sauka, har mutum ya tsaya kan gadar Binuwai bai ga ɗaya gaɓar ba. Masana falaki sun shekara da shekaru cikin irin wannan hazo, sai dai nasu yana can tsakiyar wasu gungun taurari.

A 1943 Carl Seyfert ya bayyana wasu gungu da cibiyarsu ke da haske fiye da kima. Daga baya aka gane baƙin rami ne ƙato, wato wurin da ko haske ba ya kuɓuce wa ƙarfin jansa, yake haɗiyar gas, gas ɗin kuma yana ƙuna kafin ya faɗa. Amma cibiyoyin sun kasu biyu: wasu ana ganin alamar gas mai gudun tsiya a haskensu, wasu shiru. A 1985 Antonucci da Miller suka duba gungun NGC 1068, ɗaya daga cikin masu shirun, suka tsinci waccan alama a hasken da ya yi karo da wani abu ya karkato zuwa gare mu. Ashe abu ɗaya ne, gammon ƙura ne ya tare mana gani.

To yaya za a san abin da ke cikin gammon? Da infirared, hasken nan da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a 1800. Shi yana ratsa ƙura, ƙurar ma idan ta ɗumama shi take fitarwa. Tauraron ɗan'adam IRAS ya tona gungu masu yawa irin wannan a 1983.

Inda aikin ya fi burge ni shi ne tsefe hasken. Ana warware shi sili-sili gwargwadon tsawon zangonsa, kamar mai kitso da mataji. Kowane irin gas yana cinye silin da ya dace da shi, ya bar giɓi. Kabon monoksaid, wannan dai da gawayi ke fitarwa ya kashe mutane a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, giɓinsa yana wajen zango mai tsawon maikiron 4.7 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Kuma ba giɓi ɗaya ba ne, jeri ne. Zurfin kowanne yana faɗin ɗumin gas ɗin, gocewarsa daga inda ya kamata yana faɗin gudunsa. Da madubin hangen nesa na Subaru da ke Hawai aka tsefe hasken gungun IRAS 08572+3915, aka ga gas mai ɗumi yana fitowa ta wajenmu.

Amma akwai gardamar da ba ta mutu ba. Wasu na ganin gas ɗin na gammon ne kansa, wasu na cewa ɗumbin taurarin da ake haifa a kewaye ma suna iya ɗumama shi. Madubin James Webb, da aka harba ran 25 ga Disamba 2021, yana saman iskar duniya wadda ke shanye wani ɓangare na infirared, shi ya sa masu neman raba gardamar suka koma kansa.