Tsoratar da matasa ba ya hana su shaye-shaye

An daɗe ana ɗauka cewa in aka tara ɗalibai aka nuna musu hotunan waɗanda ƙwaya ta lalata, za su guje ta. Bincike bai goyi bayan haka ba.

Shirin D.A.R.E. na hana ɗalibai shan ƙwaya, wanda aka fara a Amurka a 1983, ya riƙa tura 'yan sanda azuzuwa suna gargaɗi. Wani nazari da aka wallafa a 1994 ya gano tasirinsa kan shaye-shaye ɗan kaɗan ne ƙwarai. Matashi ya riga ya san ƙwaya na da illa, sai dai ciwon da zai zo bayan shekara 20 bai kai masa nauyin abokin da ke miƙo masa yau ba. In aka zuzuta haɗarin kuma ya ga wani ya sha bai mutu ba, sai ya yi watsi da gargaɗin gaba ɗaya. Mafi muni, yawan faɗin "matasa duk sun lalace" na sa yaro ya zaci kowa na sha, alhali yawancinsu ba sa sha.

Ƙasar Aisland ta gyara muhallin yaran ne: dokar hana 'yan shekara 13 zuwa 16 yawon dare, wasanni da kiɗa ƙarƙashin kulawar manya, da sa iyaye su san inda 'ya'yansu suke da waɗanda suke tare da su. A 1998, kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 16 sun bugu da giya a watan da ya gabaci ranar da aka tambaye su. A 2016 ya sauka zuwa kashi 5.