Shin dole ne kuku ya bar girkin gida kafin ya yi suna?

An daɗe ana ɗauka cewa duk kukun da ke son ya yi fice a manyan gidajen abinci na Turai ko Amurka sai ya ajiye girkin da ya taso da shi, ya rungumi salon Faransa, domin wai abincin gargajiya bai dace da teburin manya ba. Wannan fahimta kuskure ce, kuma labarin Adejoké Bakare ya isa hujja.

Bakare ta girma a Kaduna, ba ta kuma yi makarantar koyon girki ba. Ta buɗe gidan abincinta mai suna Chishuru a unguwar Brixton da ke Landan a 2020, ta mayar da shi unguwar Fitzrovia, ita ma a Landan, a 2023, sannan a 2024 ta zama baƙar mace ta farko a Birtaniya da ta samu tauraron Michelin, lambar yabon da ake bai wa fitattun gidajen abinci. Sunan ma daga Hausa ya fito, wato "ci shiru", shirun nan da kan sauka idan abinci ya yi daɗi. Abin da take dafawa girkin Afirka ta Yamma ne, har da sinasir, kuma ƙwarewarta tana wajen sarrafa shi da tsara shi a faranti, abin da masu wancan zato ba sa lissafawa.

Haka Pierre Thiam ɗan Senegal ya yi da acca a New York, inda ya buɗe gidan abincinsa mai suna Teranga a unguwar Harlem a 2019.