Shin doka ta hana tausa? Fashin baƙin sashe na 17 na dokar likitoci

Duk lokacin da hukuma ta garƙame wani asibitin bogi a Kano ko Kaduna, sai saƙonnin murya su fara yawo a WhatsApp. Wai gwamnati ta haramta tausa, wai duk wanda aka kama yana matsa wa mutane jiki don kuɗi shekara biyar zai yi a gidan yari, wai har ungozomar da ke gasa wa mai jego jiki ba ta tsira ba. Shekara biyar ɗin nan ba ƙirƙirarta aka yi ba, tana cikin doka. Sai dai ba don tausa aka rubuta ta ba, kuma masu yaɗa maganar sun tsallake sakin layin da ya fi shafar talaka a cikin sashen gaba ɗaya.

Dokar da ake nufi ita ce Dokar Likitoci da Likitocin Haƙori, wadda ta fito a matsayin dokar soja mai lamba 23 ta shekarar 1988, yanzu kuma take Babi na M8 a kundin dokokin tarayya na 2004. Ita ce ta ba Majalisar Likitoci ta Najeriya, wato MDCN, ikon yi wa likitoci rajista da ladabtar da su. Sashe na 17 shi ne sashen laifuffuka, kuma abu uku ya hana wanda ba shi da rajista. Na farko, ya yi aikin likita ko ya nuna wa jama'a cewa yana yi, alhali yana karɓar lada ko yana sa ran a ba shi. Na biyu, ya ɗauki sunan likita ko dakta ko makamancinsu ya maƙala wa kansa. Na uku, ya yi amfani da wani laƙabi ko bayani da zai sa a zaci doka ta ba shi izinin duba marasa lafiya. Kalmar tausa ba ta cikin jerin.

Matar da ke matsa wa maigidanta kafaɗa bayan ya dawo daga kasuwa, da ɗan da ke tausa ƙafar mahaifinsa, da abokan ƙwallo da ke murza wa juna sharaɓa bayan wasa, babu ruwan doka da su, domin babu lada kuma babu iƙirarin likitanci. Wanda ya buɗe shago yana karɓar kuɗi yana yi wa mutane tausar gajiya shi ma bai shiga ba, matuƙar a kan gajiyar ya tsaya. Inda yake fara taka sahun ɓarawo shi ne ranar da ya dubi mutum ya ce masa, “Ai ƙodarka ce ta taɓu,” ko ya yi wa mai shanyewar ɓarin jiki alƙawarin zai miƙe cikin mako biyu. Faɗa wa mutum cutar da ke damunsa da ɗora shi a kan magani, wannan shi ne aikin likita.

To ina matsayin maɗori da ungozoma da mai tausar gargajiya, waɗanda su kam magani suke yi, kuma ana ba su abin goro? A nan ne ƙaramin sashe na 6 ya shigo, kuma shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta ta kowane ɓangare. Ma'anarsa ita ce: idan jama'ar da mutum yake cikinsu sun yarda, a galibinsu, cewa ya samu horo a kan tsarin maganin da aka gada a wannan al'umma, to ba laifi ba ne ya yi aiki da wannan tsari, ko da da lada ne. Doka ba ta nemi takardar makaranta ba, ba ta nemi hatimin wata ƙungiya ba. Shaidar mutanen gari ta nema. Maɗorin da kowa a unguwa ya san gidansu gidan ɗori ne tun kakanni yana da wannan kariya. Wanda ya sauka a tasha jiya da jakar man zafi da lasifika, ba wanda ya san asalinsa, zai sha wahalar nuna wa alƙali wace al'umma ce ta shaide shi.

Amma wannan sassauci yana da togaciya biyu. Bai haɗa da duk wani aiki da za a yanka ko a tsaga jikin mutum ba, bai kuma haɗa da bayarwa ko shawartar shan miyagun ƙwayoyin da Dokar Magunguna Masu Haɗari ta lissafa ba, irin su mofin da hodar iblis. Tausa hannu ne da mai, man kaɗanya ko man zafi ko ruwan ɗumi, saboda haka tana cikin abin da aka yafe. Da zarar aska ta fito, kariyar ta faɗi. Mai tausar da ya ga gwiwa ta kumbura ya ce bari a yi 'yar tsaga mugun jini ya fita, ya bar inuwar ƙaramin sashe na 6 ke nan, ko da duk garin sun shaida gadonsa. Wanda kuma yake haɗa wa mutane da tiramadol “don jijiya ta saki” ya janyo wa kansa wata rigimar daban da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda dokarta ta fi wannan zafi nesa ba kusa ba.

Mai karatu zai ce, to wanzamai fa? Ƙaho da tsaga da cire beli da kaciya duk da aska ake yinsu. Gaskiya ne, kuma idan aka bi harafin doka, wanzamin da ya karɓi lada a kan waɗannan ba shi da mafaka a wannan sakin layi. A aikace ba a cika jin an gurfanar da wanzami don ya yi wa wani ƙaho lafiya ƙalau ba. Sai abu ya ɓaci, jini ya ƙi tsayawa ko yaro ya salwanta, sannan a tuna da dokar. A ganina wannan ba adalci ba ne ga kowa. An bar sana'ar da ta girmi asibiti a ƙasar Hausa tana rataye, ba a halatta ta a fili an sa mata ƙa'idar tsafta ba, ba a kuma hana ta ba.

Akwai kuma abin da masu maganin gargajiya da kansu suke kuskurewa. Sassaucin ƙaramin sashe na 6 laifin farko kawai ya ɗauke, wato yin aikin. Bai taɓa laifin suna ba. Maɗorin da doka ta bar shi ya yi ɗorinsa, idan ya sa aka rubuta masa “Dakta” a allon ƙofar gida ko a tallar rediyo don a ɗauka likitan asibiti ne, ya faɗa cikin laifi na biyu, kuma gadon kakanni ba zai fitar da shi ba. Na sha ganin allunan masu tausa da hoton mutum cikin farar riga, abin awon ƙirji rataye a wuya. Wannan hoton ya fi hannunsu jawo musu hatsari.

Hukuncin kuwa mataki biyu ne, kamar yadda yake a kundin 2004. Idan an yi shari'ar gajeren zango, tarar naira 5,000 ce. Idan an kai ga cikakkiyar tuhuma, tarar naira 10,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, ko a haɗa duka biyun. Shekara biyar ɗin ita ce ƙololuwa, ba farilla ba ce. Alƙali yana da damar ya yi ƙasa da haka, kuma ba a kaiwa can sai kotu ta tabbatar da laifin. Ɗan sanda ko jami'in wata hukuma ba shi da ikon yanke wa mutum wannan hukunci a bakin shago. Tarar kuwa abin dariya ce a yau. A zamanin da aka sa adadin, mafi ƙarancin albashi bai wuce naira 250 a wata ba, don haka naira 5,000 guminsa ne na fiye da shekara ɗaya da rabi. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Likitan bogi yana iya tara kuɗin tarar kafin azahar. Abin da ya rage da haƙori a sashen shi ne ɗaurin kaɗai, shi ya sa shi ne ake ta tsorata mutane da shi.

Wata dokar da ake cakuɗawa da wannan ita ce ta masu gashin ƙashi na asibiti. Ita ma a 1988 aka yi ta, dokar soja mai lamba 38, ita ce ta kafa hukumar MRTB da ke yi wa ƙwararrun gashin ƙashi da jijiya rajista. Waɗannan su ne waɗanda ake tura mutum wurinsu a Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano bayan karaya ko shanyewar jiki, kuma sai sun shafe shekara biyar zuwa shida a jami'a, irin su Jami'ar Bayero. Tausa ɗaya ce daga cikin kayan aikinsu, amma ba mallakarsu ba ce su kaɗai. Abin da ba a yarda ba shi ne wanda ya yi kwas na 'yan makonni ya kira kansa da sunansu, ko ya buɗe wuri ya ce asibitin gashi ne. Jihohi ma suna da nasu hukumomin. A Kano akwai PHIMA mai kula da cibiyoyin lafiya masu zaman kansu, kuma yawancin rufe wuraren da ake ji a labarai daga irin wannan ɓangare yake zuwa, saboda rashin rajistar wuri, ba don an taɓa jikin mutum da hannu ba. Batun namiji ya keɓe da mace a ɗakin tausa kuma magana ce ta Hisba da dokokin jiha, ba ta da alaƙa da sashe na 17.

Me mai tausa zai iya faɗa game da aikinsa ba tare da ya yi ƙarya ko ya shiga hurumin likita ba? Yana da abin faɗa, kuma ba kaɗan ba. Ciwon baya shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya shafi mutum miliyan 619 a 2020, kuma a jagorar da ta fitar a ƙarshen 2023 ta sa tausa cikin abubuwan da za a iya yi wa mai daɗaɗɗen ciwon baya. Ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawara a 2017 cewa a sabon ciwon baya a fara gwada ɗumama wurin da tausa kafin a kai ga ƙwaya. Hujjar dai ba ta da ƙarfin da 'yan talla suke ba ta. Wani bita da cibiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta yi a 2015, wanda ya tattara gwaje-gwaje 25 a kan mutum sama da 3,000, ya samu sauƙin ciwo na ɗan lokaci, amma masu bitar sun ce ingancin gwaje-gwajen bai kai a dogara da su sosai ba. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya ma ta yarda da tausa ne kawai idan an haɗa ta da motsa jiki. A taƙaice, tsokar da ta ɗaure tana saki, ciwo yana lafawa na kwanaki, hankali yana kwanciya, mutum yana samun barci. Ɗan dako da direban tirela da telan da ya wuni a kan keke sun san wannan ba sai an karanta musu ba. Tausa ba ta warkar da hawan jini ko ciwon suga, ba ta narkar da ƙari, ba ta mayar da jijiyar da ta mutu a ƙwaƙwalwa.

Kuma kada wani ya ɗauka cewa tunda sashe na 17 bai kama shi ba, ya kuɓuta daga komai. Dokar laifuffuka ta Penal Code da ake aiki da ita a Arewa tana hukunta wanda ya jikkata mutum ko ya yi sanadin ransa ta hanyar ganganci ko sakaci, kuma wanda aka cuta yana iya neman diyya. Shari'ar Musulunci ta riga ta faɗi haka: hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito ya ce wanda ya yi magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, shi ne mai lamuni, wato shi zai biya ɓarnar da ya yi. Wuraren da tausa take zama ganganci sanannu ne. Ƙafa ɗaya da ta kumbura tana zafi, musamman ga mai jego ko wanda ya daɗe a kwance ko ya yi doguwar tafiya a zaune, tana iya zama gudan jini ne a jijiya, kuma murza ta yana iya tura shi huhu ya kashe mutum nan take. Abin da aka ɗauka targaɗe ne yana iya zama tsagewar ƙashi. Ciwon baya da ya zo da zazzaɓi da rama, ko da mutuwar ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari, na asibiti ne a ranar, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya. Cikin mai juna biyu ba wurin dannawa ba ne. Likitocin ƙashi kuma sun daɗe suna kuka da yaran da ake kawo musu hannu ya riga ya ruɓe saboda an ɗaure karan ɗori da ƙarfi har jini ya daina wucewa.

Giɓin da ke akwai na gaske shi ne rashin wurin da mai tausa na kirki zai je ya yi rajista a matakin tarayya, a gwada shi, a ba shi shaidar da zai nuna. Najeriya ta fitar da manufar maganin gargajiya tun 2007, Ma'aikatar Lafiya ta buɗe sashe na musamman dominsa, an kuma sha kai ƙudirin kafa majalisar masu maganin gargajiya gaban Majalisar Tarayya. Muddin abin da sashe na 17 ya dogara da shi shi ne shaidar mutanen gari, alƙali ne zai riƙa tantancewa ɗaya bayan ɗaya wane ne al'umma ta sani, kuma yawanci sai bayan an riga an yi ɓarna ake zuwa gabansa.