Gidanka ne, amma ba kai kaɗai ke da ta cewa ba: fashin baƙin dokokin ƙungiyar masu gidaje a Amurka

Mutumin da ya tashi a Kano ko Zinder ya san cewa idan ka sayi gida, takarda ta shiga hannunka, to ko kore ka ga dama ka shafa wa ƙofarka, ko ka ɗaure rago a tsakar gida, babu mai ce maka don me. Wannan sanin shi ne yake fara ba mutanenmu wahala idan Allah ya hore musu sayen gida a Amurka, musamman irin gidajen nan na jere da ake kira taunhaus, waɗanda suke manne da juna, bango ɗaya ya raba ka da maƙwabcinka. Galibinsu suna ƙarƙashin ƙungiyar masu gidaje, wadda Amurkawa ke taƙaita sunanta da HOA. Kuma ba abu ne na 'yan tsiraru ba. Cibiyar CAI, wadda ke bin diddigin irin waɗannan unguwanni, ta ƙiyasta cewa sun haura 350,000 a faɗin ƙasar, mutanen da ke zaune a cikinsu kuma sun wuce miliyan 70.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, ba ƙungiya ba ce da ake shiga don ganin dama, kamar ta 'yan kasuwa ko ta tsofaffin ɗalibai. Tun kafin a sayar da gida ko ɗaya, kamfanin da ya gina unguwar yake rubuta wata doguwar takarda ta alƙawura da sharuɗɗa, wadda ake kira CC&R, ya kai ta ofishin rajistar filaye na gunduma. Daga ranar da aka yi mata rajista, sharuɗɗan sun manne wa filin kansa. Duk wanda ya saya ya zama ɗan ƙungiya, ya karanta takardar ko bai karanta ba, kuma ranar da ya sayar, wanda ya gaje shi ya ɗora daga inda ya tsaya. Babu wata hanyar ajiye zama memba sai barin gidan.

Takardun hawa-hawa ne. Dokar tarayya da ta jiha suna sama. Sai ita wannan takarda mai rajista, sai kundin tafiyar da ƙungiyar wanda ya tsara zaɓe da taruka, sannan a can ƙasa ƙananan ƙa'idojin da kwamitin gudanarwa ke fitarwa. Idan ta ƙasa ta ci karo da ta sama, ta sama ce ke aiki. Sanin wannan kaɗai yana raba gardama da yawa, domin kwamiti yakan zartar da abin da takardar asali ba ta ba shi ikon yi ba. 'Yan kwamitin nan kuwa maƙwabta ne da aka zaɓa, yawanci ba a biyan su ko sisi, sai dai sukan ɗauki hayar kamfani ya riƙa karɓar kuɗi da aika wasiƙu.

Gidan jere yana da wani ruɗani nasa. Taunhaus sunan fasalin gini ne, ba sunan irin mallaka ba. A wata unguwar ka mallaki ginin da ƙasar da yake kai, rufi da bangon waje duk naka ne. A wata kuma, gini iri ɗaya sak, amma a takarda tsarin da Amurkawa ke kira condo ne: abin da ke tsakanin bangayenka kaɗai ka mallaka, rufi da jikin gini na kowa da kowa ne. Ranar da rufi ya fara yoyo ake gane bambancin, domin a nan ne za a tambayi wa zai biya. Irin inshorar da za ka saya ma a kan wannan ta dogara.

Ƙa'idojin yau da kullum su ne mutane suka fi yi wa tsegumi: launin fenti, tsayin ciyawa, lokacin fito da kwandon shara da lokacin mayar da shi, yawan karnuka ko kyanwoyi, inda baƙo zai ajiye mota, ko an yarda ka ba da haya. Canza taga ko kafa rumfa a bayan gida sai da izinin kwamitin da ke kula da fasalin gine-gine. Ga namu mutane, inda takalmi ya fi matsewa shi ne baƙi da shanya. Ranar suna motoci ashirin za su iya cika layin, alhali wuraren da aka ware wa baƙi ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma motar da aka ajiye ba bisa ƙa'ida ba janye ta ake yi. Igiyar shanya kuwa unguwanni da yawa sun hana, ko da yake jihohi irin su Fulorida da Kolorado sun yi dokokin da suka taƙaita wannan hani. Maganar yanka ragon layya a bayan gida ma kada a fara, domin kafin a zo kan ƙungiya, dokokin gari ne za su tare ka.

To idan ƙa'ida ta yi maka tsauri, kotu za ta cece ka? Da wuya. A 1994 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke hukunci a shari'ar Nahrstedt, inda wata mata ta kai ƙara saboda an ci ta tara a kan kyanwoyi uku da ba sa ko fita daga ɗakinta. Kotun ta ce sharaɗin da ke cikin takarda mai rajista ana ɗaukarsa a matsayin mai ma'ana, sai fa idan mai ƙara ya nuna cewa son zuciya ne tsagwaronsa, ko ya saɓa wa manufar doka, ko cutarwarsa ta rinjayi amfaninsa nesa ba kusa ba. Daga baya majalisar jihar ta yi doka ta ba kowane mai gida damar ajiye dabba aƙalla ɗaya, amma ma'aunin da kotun ta kafa yana nan.

Duk da haka akwai iyakokin da ƙungiya ba ta isa ta tsallaka ba. Dokar tarayya ta adalci a harkar gidaje ta 1968 ta haramta nuna bambanci saboda launin fata, addini ko ƙasar asali, daga baya aka ƙara jinsi, a 1988 kuma aka ƙara naƙasa da iyali masu yara. Wannan yana da tarihi mai ɗaci, domin a da irin waɗannan alƙawura na filaye ne ake amfani da su a hana baƙar fata da Yahudawa sayen gida, har sai da Kotun Ƙolin Amurka ta ce a 1948 kotuna ba za su ƙara tilasta su ba. A 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Shikago ta ba wani iyalin Yahudawa damar ci gaba da ƙararsu bayan ƙungiyar gininsu ta riƙa cire alamar addini da suke maƙalawa a jikin ƙofa. Musulmin da ya ga ana barin adon Kirsimeti amma ana aiko masa wasiƙa a kan fitilun Ramadan, wannan doka ita ce madogararsa. Haka kuma tun 1996 hukumar sadarwa ta FCC ta hana ƙungiyoyi haramta ƙaramin faifan tauraron ɗan'adam, wanda bai wuce mita ɗaya ba, a wurin da yake naka kai kaɗai. Tutar Amurka ma akwai dokar tarayya da ta kare ta.

A ganina, surutun fenti da ciyawa yana ɗauke hankalin mutane daga inda haɗarin yake, wato kuɗi. Kowane mai gida yana biyan kuɗin ƙa'ida, wata-wata ko duk wata uku, na yankan ciyawa, kwashe ƙanƙara, fitilun layi, inshorar wuraren tarayya, da gyaran titunan cikin unguwa, waɗanda sau da yawa ba na hukuma ba ne. Ana ware wani kaso a zuba a asusun ko-ta-kwana don manyan ayyuka kamar sauya rufi. Idan asusun ya rame, aiki kuma ya taso, sai a yanka wa kowa karo-karo na musamman, wanda zai iya kai dubban daloli a lokaci guda. Shi ya sa unguwar da kuɗin watanta ya yi arha da yawa ba lallai ne ta zama garaɓasa ba. Wataƙila an shekara da shekaru ana ture gyara gaba. Rushewar benen nan na Surfside a Fulorida a watan Yunin 2021, inda mutum 98 suka rasu, ba gidan jere ba ne, amma shi ya farkar da mutane a kan abin da jinkirta gyara ke haifarwa.

Wanda ya daina biya, ƙungiya tana da ikon ɗora bashin a kan takardar gidansa, ta yadda ba zai sayar ba sai ya biya, kuma a jihohi da dama tana iya kai gidan gwanjo, ko da kuwa bai taɓa fashin biyan banki ba. Ga kuɗin jinkiri da ladan lauya da ke hawa a kai har su fi uwar bashin. Jihohi sun bambanta ƙwarai a nan. A Kalifoniya ba a yin gwanjo sai bashin kuɗin ƙa'ida ya kai dala 1,800 ko ya wuce wata 12. A Teksas ba a gwanjon gida saboda tara kaɗai. A Nebada kuwa Kotun Ƙolin jihar ta ce a 2014 bashin kuɗin ƙa'ida na wata 9 da ƙungiya ke bi yana gaban na banki, har gwanjonta yana iya shafe jinginar bankin ɗungurungum. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ce ba zai biya ba sai an gyara masa abin da yake ƙorafi a kai. A mafi yawan wurare doka ba ta karɓar wannan uzuri. Biya ake yi, sannan a yi ƙorafin a rubuce.

Tara ma tana da hanyarta. A Fulorida, misali, sai an ba ka sanarwar kwana 14 da damar kare kanka a gaban wani kwamiti na aƙalla mutum uku waɗanda ba 'yan kwamitin gudanarwa ba ne, kuma tarar ba ta wuce dala 100 a kan kowane laifi, jimla dala 1,000, sai in takardun unguwar sun faɗi wani abu daban. A 2024 jihar ta ƙara da hana cin tara saboda kwandon shara da aka bari a bakin titi cikin awa 24 kafin ko bayan lokacin kwashewa.

Mai niyyar saye yana da dama guda da ba ta dawowa. Kafin a kammala ciniki ana miƙa masa tarin takardun ƙungiyar, kuma a jiha kamar Bajiniya doka ta ba shi 'yan kwanaki, uku a bisa al'ada, ya fasa idan abin da ya gani bai kwanta masa ba. Yawancin mutane shafin dabbobi da na ajiye mota suke dubawa su rufe. Shafukan da suka fi cancantar a ɓata dare a kansu su ne kasafin kuɗin shekara, abin da ke cikin asusun ko-ta-kwana, ko akwai shari'ar da ke kotu, da bayanan tarukan kwamiti na watannin baya, domin a nan ne ake fara jin ƙishin-ƙishin karo-karon da ke tafe. Ɗan haya ma bai tsira ba: ƙa'idojin suna hawa kansa, amma ba shi da ƙuri'a, kuma idan ya karya, mai gidan ake aika wa wasiƙar tara, shi kuma ya juyo da ita kansa.