Wa ke da ikon tura sojan Najeriya yaƙi ƙasar waje?

Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da ECOWAS ta ba su Janar Tiani wa'adin kwana 7 su mayar da mulki ko a yi amfani da ƙarfin soja, ake wannan musun a teburin mai shayinmu nan Kawo a Kaduna, kusa da hedikwatar Runduna ta 1 ta sojan ƙasa. Wani dattijo ya dage wai shugaban ƙasa in ya ga dama gobe ma sai ya kwashe yaran barikin nan ya tura, tunda shi ne babban kwamanda. Na ce masa Baba, ai kundin tsarin mulkin 1999 bai sakar masa mara haka ba.

Sashe na 5(4) abu biyu ya faɗa. Ba zai ayyana yaƙi da wata ƙasa ba sai majalisar dattawa da ta wakilai sun zauna zama ɗaya sun amince. Sannan ko soja ɗaya ba za a tura fagen fama a waje ba sai sanatoci sun yarda tukuna. Amma fa an bar masa ƙofa a 5(5), in ya gamsu tsaron ƙasa na cikin haɗarin da ba zai jira ba, sai ya shawarci majalisar tsaro ta ƙasa ya tura sojoji ɗan taƙaitaccen aiki, cikin kwana 7 da fara gwabzawa ya nemi yardar sanatoci, su kuma suna da kwana 14 su ce e ko a'a. Lura da kyau, lissafin daga ranar da aka fara harbi ne, ba ranar da motoci suka bar Jaji ba.

Inda ni dokar ta dame ni shi ne babu inda ta ce soja nawa, ko yaushe za su dawo, kuma ba ta fassara mene ne taƙaitaccen ba. Wannan duk yana hannun shugaban ƙasa da hafsoshinsa, majalisa sai dai ta riƙe su ta wajen kuɗi.

Amurka ma da dokarta ta 1973, wadda ta ce a sanar da majalisa cikin awa 48 kuma a janye bayan kwana 60 in ba izini, a daidai nan take tuntuɓe. A Fabrairun 2003 Janar Eric Shinseki, babban hafsan sojan ƙasa na Amurka a lokacin, ya gaya wa sanatocinsu cewa riƙe Iraƙi bayan mamaya zai ci soja dubu ɗaruruwa, sakataren tsaro Rumsfeld da mataimakinsa Wolfowitz suka ce ya zuzuta, aka shiga da ƙasa da haka, Bagadaza ta faɗi cikin sati uku amma tsare gari ya gagara, sai ga Shugaba Bush a 2007 yana ƙara wajen soja 30,000 da izinin yaƙin da majalisa ta ba shi tun 2002, bai koma neman sabo ba.